Hatimi a Hannun Dama

Silimar Alhaji Mele da ke tsakiyar Kazaure ba ta da rufi. Doguwar katanga ce da aka kakkafa wa fasassun kwalabe a bisa, sai bango guda da aka shafa wa farin fenti ana haska fim a kansa, sai bencina waɗanda kuɗin cizo ya mallake su tun kafin a ba mu jiha. A nan na fara ganin teku, da jirgin ƙasa mai ratsa cikin dutse, da mahaifina yana kuka.

Mahaifina, Malam Muhammadu Lawal, shi ne magatakardan hakimin garinmu, can gaba da Roni. Shi ke rubuta abin da hakimi ya yanke, shi ke riƙe da hatimin ofis. Da abu biyu aka san shi a gari: ba ya dariya a gaban mutane, kuma ba ya ƙarya. Na ukun ni kaɗai na sani.

Duk ƙarshen wata yakan ɗora ni a bayan babur mu tafi Kazaure gaida mahaifiyarsa, Hajja Kaka. Gaisuwar muna yin ta tsakani da Allah. Amma da an idar da sallar isha'i sai ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya sa wata tsohuwar jamfa, ya ja hular sanyi har kunne ko da ana tsakiyar bazara, ya ce wa Hajja Kaka za mu fita shan iska. Wannan ma ba ƙarya ba ce, tunda silimar ba rufi.

Aikina shi ne in riga shi zuwa bakin ƙofa in duba ko akwai ɗan garinmu a cikin masu layi. In babu, in sosa kai, shi kuma ya fito daga bayan mai tsire. A ciki mukan zauna a bencin ƙarshe, inda hayaƙin sigari ya fi kauri. Idan fim ya tsinke, mutane suka tashi suna zagin afareta mai haska fim ɗin har da iyayensa, Baba yakan toshe mini kunnuwa da tafukansa, idonsa na kan bango yana jiran a gyara. Faɗan 'yan Cana bai dame shi ba. Fim ɗin Indiya yake so, musamman wanda uwa za ta rabu da ɗanta a tashar jirgi. A nan ne nakan ji bencin yana ɗan girgiza, ni kuma in mai da hankali ga ɓare gyaɗata.

Ina aji shida na firamare aka hana zuwa silima a garinmu. Ɗan Sarkin Fawa ne ya jawo. Ya je Kazaure ya kalli 'yan Cana, ya dawo ya gwada abin da ya koya a bakin yayansa, haƙora suka zube. Hakimi ya tara jama'a ya ce daga ranar duk yaron da aka samu ya je silima za a kwantar da shi a ƙofar fada a zane shi da dorina, in kuwa ma'aikacin fada ne to ya ajiye aikinsa. Baba ne ya rubuta sanarwar da kyakkyawan rubutunsa, ya buga mata hatimi, ya liƙa a jikin zaure. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Na duba.

Da nan maganar ta tsaya da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma a zuwanmu na baya ruwan sama ya tsinke ana tsakiyar fim, kowa ya watse, aka bar uwa tana bara a bakin wani gida ba ta san gidan ɗanta ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon fim biyu ya san yadda za a ƙare. Baba dai bai yarda da zato ba. Da muka je gaisuwar wata mai zuwa, muka wuce ta gaban silima, sai ga hoton fim ɗin an sake kafawa. Muka isa gidan Hajja Kaka muka ci tuwo. Bayan isha'i na ga ya ɗauko hular sanyi.

"Baba, dorina fa?"

"Na ƙarshe ne. Ka duba da kyau."

Na duba da kyau. Babu ɗan garinmu ko ɗaya da na gani. Abin da ban duba ba shi ne hannuwan mutane. Ashe yara sun ishi Alhaji Mele da naɗe tikiti a dutse suna jefa wa abokansu ta kan katanga, sai ya soke tikiti a ranar, ya ajiye wani ƙato a ƙofa da hatimi da tawada. Ka biya, a buga maka a hannu, ka shige. Waɗanda suka san kan duniya duk hagu suke miƙawa, suna juya cikin tsintsiyar hannu, inda hannun riga zai rufe. Baba kuwa ɗan gidan mutunci ne, tun da aka haife shi bai taɓa miƙa wa mutum abu da hagu ba. Ya miƙa kuɗi da dama, ƙaton ya cafke hannun, ya danna masa hatimi a bayansa. Ni an haife ni bahago, da bakin ludayi Inna ta mayar da ni na-dama, saboda haka ni ma damar na miƙa. Tarbiyya ce ta kama mu, mu biyu.

Uwar ta gane ɗanta, ga wanda ke son sani. Baba bai gani ba. Tun da aka fara har aka gama yana tofa wa bayan hannunsa miyau yana murzawa da gefen jamfa.

Da asuba, da haske ya fito, muka ga abin sosai. Da'ira ce da tauraro a tsakiya, shunayya, ta zauna daram kamar da ita aka haife mu. Baba ya kai hancinsa ya sansana.

"Tawadar ofis ce," in ji shi a hankali. "Irin tamu."

Shi ya san ta. Shi da kansa yake zuwa Kano ya zaɓo wadda ba ta goguwa, don kada wani ya taɓa takardar gona. Takan yi kwanaki a fata. Ranar kuwa akwai zaman fada da hantsi, kuma ba yadda magatakarda zai shiga gaban hakimi bai dunƙule hannun dama ya ɗaga ya yi jinjina ba, balle ya zauna yana rubutu a gaban fadawa.

Hajja Kaka ta fito da butarta ta same mu tsugune a bakin rijiya. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye in da wanda za a bi ta kansa. Ni kuwa jika ne, mijinta na wasa.

"Kai maigida, zo nan. Wace ce ta sa maka lalle ban sani ba?" Ta kama hannuna ta juya shi. Ta dubi na Baba ta wutsiyar ido. "Iskar jiya da ƙarfi ta kaɗa, har da tambari."

"Hajja, ki taimaka."

"Ka ce wa mutumin da kuka zo tare, akwai toka a murhu."

Na juya na ce wa Baba akwai toka a murhu, duk da yana tsugune kusa da ni har gwiwarmu na gogar juna.

Muka gwada toka. Muka gwada sabulun salo da soso, da lemon tsami, da yashi, da kananzir ɗin fitila. Fatar ta yi ja, tauraron ya ƙara fitowa. Hajja Kaka ta kawo shawarar a rufe da lalle na gaske.

"Ka ce mata," in ji Baba, kansa a sunkuye, "namiji mai iyali ba ya shiga fada da lalle a bayan hannu."

"Ka ce masa mai iyali ba ya sa hular sanyi da bazara."

Ban isar da wannan ba. Ya ji.

Muka kama hanyar gida. Ina riƙe da bayan rigarsa ina kallon hannun a kan kan babur, rana tana haska shi. Duk wanda muka wuce, mai jaki ko mai keke, gani nake hannun yake kallo. Muka wuce Roni ba mu tsaya gaida kowa ba, abin da bai taɓa yi ba. Da muka hango rimin da ke bakin garinmu sai ya sauka daga titi, ya tsaya a bayan wasu duwatsu, ya bar injin yana aiki.

"Je ka kama ruwa."

"Ba na ji."

"Je ka."

Na tafi bayan dutse, na leƙo. Na ga ya naɗe hannun riga ya tsuguna a gefen babur. Ya daɗe yana kallon salansa, bututun hayaƙin da ya ɗau zafi. Sannan ya yi bisimilla ya manna bayan hannunsa a jikinta. Bai yi ƙara ba, wani dogon numfashi kawai ya ja ta haƙora. Warin ya iso har inda nake.

Sai ya kira ni. Lissafin mai sauƙi ne ko ga ɗan aji shida: hatimi biyu ne, an kashe ɗaya. Na zo ina jan ƙafa, hannuna a bayana. Fuskarsa duk gumi. Ya ce in nuna masa. Ya riƙe hannuna da hagunsa, ya dubi tauraron, ya dubi salansa, ni kuma na rufe ido.

"Sa shi a aljihu," in ji shi. "In mun je gida ka shige ɗaki, kada ka fito sai na ce. In an tambaye ka me ya sami hannuna, me za ka ce?"

"Salansa ce ta ƙone ka."

"Ƙarya ce?"

"A'a."

"To."

Muka tura babur ɗin zuwa gari. Malamin asibiti ya wanke ƙunar, ya naɗe ta da bandeji fari tas. Inna ta yi ta salati tana zagin babur da wanda ya ƙera shi. Baba ya sa babbar riga ya tafi fada. Ni na shige ɗaki na ce kaina ke ciwo, na kwanta a kan hannuna. Na fara tunanin mun tsira.

Abin da Baba bai lissafa ba, duk iya lissafinsa, shi ne cewa hannun da ya ƙona shi ne hannun da yake rubutu da shi. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji sallamar Sama'ilu, dogarin hakimi, a ƙofar gida.

"Ina yaron nan ɗan boko? Hakimi na kira. Malam ba ya iya riƙe biro, an ce ɗansa ya zo ya rubuta."

"Kansa ke ciwo," in ji Inna.

"Ai ba da kai zai rubuta ba. Ya fito."

Tafiyar daga gidanmu zuwa fada gajeriya ce, amma na yi tunanin guduwa Nijar, na yi tunanin faɗawa rijiyar masallaci, na yi addu'ar Allah ya saukar da ruwa irin wanda ya tsinke fim. Sama'ilu yana bayana, dorinarsa na lilo a kafaɗa, yana tambayata me ya sa nake tafiya kamar mai kaciya.

Zauren cike yake. Hakimi na zaune a kan kujerarsa, dattijo mai magana ƙasa-ƙasa wadda sai an yi shiru ake ji. Fadawa sun jeru a gefe, Sarkin Fada a gabansu. Manoma biyu masu rigimar iyakar gona suna durƙushe a tsakiya. Baba na gefen hakimi da farin hannunsa a kan cinya. Bai dube ni ba. Na zube tun daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, na cusa hannuwana a ƙarƙashin ciki, fadawa suka ce an gaishe ni. Aka turo mini littafin fada da biro.

A nan wata dabara ta zo mini, wadda har yau nake ganin ba ta da laifi. Na bar dama a aljihu, na ɗauki biro da hagu. Hannun bai manta ba. Na rubuta kwanan wata, na rubuta sunan manomi na farko, har na fara na biyu.

"Malam Lawal," in ji hakimi. "Ɗanka da hagu yake rubuta maganar fada?"

"Hattara, yaro!" in ji fadawa baki ɗaya.

"Fito da hannun kirki," in ji Sarkin Fada.

Na fito da shi. Na yi ƙoƙarin kifa shi, amma ba a riƙe biro da hannu a kife. Hakimi ya sunkuyo yana ƙanƙance ido.

"Mene ne wannan? Wasa ka yi da hatimin ubanka?"

Da sun bar ni da na ce e, in sha faɗa in tafi gida. Sai Sarkin Fada ya miƙo wuya.

"Allah ya ja zamaninka, wannan ai hatimin silimar Mele ne ta Kazaure. Sabo ne, jiya-jiyan nan aka fara shi."

Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Na lura dai hannunsa na hagu yana can cikin riga tun da na shigo, amma ba a tambayi ra'ayina ba.

"Wa ya kai ka?" in ji hakimi.

Na ji numfashin Baba a gefena. Na tuna warin da na ji a bayan duwatsu. Mutumin da ya yi wa kansa haka don ya riƙe aikinsa, ba ni ne zan ƙwace masa shi da kalma ɗaya ba.

"Ni kaɗai na je, ranka ya daɗe. Baba na barci a gidan Hajja Kaka na sulale."

Ƙarya ce mai kyau, ta zauna a kan ƙafafunta. Fadawa suka girgiza kai suna jajanta wa Malam: mutum kamar wannan, a ce ɗansa ne. Hakimi ya dubi Baba, ya dubi bandejin, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce doka doka ce, kuma uban yaron ne ya rubuta ta. Sama'ilu ya sauke dorina daga kafaɗa.

Aka fitar da ni ƙofar fada aka kwantar rubda ciki. Ƙasar da zafi. Yara sun fara taruwa, har da ɗan Sarkin Fawa yana washe baki, shi da haƙoransa suke cikakku. Wani ya danne mini ƙafafu. Na ji Sama'ilu yana gwada dorinar a iska. Na cusa bakina a hannun rigata, na yi niyyar ba zan yi ƙara ba, tunda na ga yadda ake yi.

"Ranka ya daɗe."

Muryar Baba ce. Na ɗago kai. Ya durƙusa a bakin zaure, ya ɗaga farin hannun nan sama ya yi jinjina.

"Yaron nan ƙarya ya yi. Ni na kai shi. Ba jiya aka fara ba, mun shekara biyu muna zuwa."

Ba wanda ya tambaye shi shekarun. Haka yake, in zai ba da bayani sai ya cika shi.

"Subhanallahi," in ji Sarkin Fada, da ƙarfi fiye da kowa.

Hakimi bai ɗaga murya ba. "Hannun fa, Malam Lawal?"

"Salansa ce, ranka ya daɗe."

"Na ji salansa ce." Ya juya ga fadawa. "Ku saki yaron, bin ubansa ya yi. Kai kuma ka ajiye hatimi da mabuɗin ofis wurin Sarkin Fada."

Baba ya laluba aljihu da hagu, ya ciro su. Da zai miƙa sai ya tsaya, ya mayar da su cikin ƙonannen hannun, ya miƙa da dama.

Kafin kaka ta zo mun tattara mun koma Kazaure, gidan Hajja Kaka. Ba ta ce masa komai ba. Ni ta ce wa in gaya wa mutumin cewa ɗakin zaure ba kowa. Ya yi watanni yana zaune a ƙofar gida da carbi, ba aiki. Labarinsa ya kai kunnen Alhaji Mele, wanda a lokacin yake neman mutumin da ba zai cuce shi a ƙofa ba, kuma ya ji cewa ga wani da ya ƙware a buga hatimi. Ya aiko a yi masa tayin aikin tsaron ƙofar silima. Inna ta yi kuka kwana da kwanaki. Baba ya karɓa.

Abu na farko da ya yi shi ne ya surka tawadar da ruwa, yadda alwala ɗaya za ta wanke ta. In baƙo ya miƙo masa dama, yakan ture ta a hankali ya jawo hagun, ya juya ta, ya buga a inda hannun riga zai rufe. Ya yi wa malaman makaranta haka, ya yi wa 'yan kasuwar Babura, ya yi wa Sarkin Fada ma, wanda bai buƙaci a nuna masa ba. Aikin ya sa shi tsayuwa a ƙofa da bayansa ga bangon fim, saboda haka daga ranar sai dai ya ji waƙa da kukan uwa daga nesa. Ni nake ba shi labarin ƙarshe a hanyar gida, yana gyara mini inda ya ga bai kamata a ƙare haka ba.

Silimar an rufe ta tuntuni, yanzu takin zamani ake ajiyewa a ciki, an ma yi mata rufi. Baba ya tsufa, tabon yana nan, ya yi sumul yana sheƙi. 'Ya'yana kan hau cinyarsa su shafa su tambaye shi me ya same shi a nan.

"Salansa ce," yakan ce.